Likita Andrew Stirrett, Bature Mai Magani: Mutumin da Yakan Riga Kasuwa Tashi

A Ibraniyawa 13:7 an gargaɗe mu kada mu manta da waɗanda suka fara kawo mana Maganar Allah. An ce mu lura da yadda suka ƙare tafiyarsu, mu kuma bi sawun bangaskiyarsu. Saboda haka a wannan darasi za mu dubi rayuwar Likita Andrew Park Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Bature Mai Magani. Ya shigo ƙasar nan a 1902, ya rasu a cikinta a 1948.

Akwai dalilin da ya sa muka zaɓe shi. A Birnin Kebbi ko Argungu da wuya ka sami mutumin da zai ce babu Allah. Sunan Allah yana cikin gaisuwarmu da cinikinmu da sallamarmu. Duk da haka mai bi yana iya wayewar gari, ya tsara yininsa kaf, ya nemi kuɗinsa, ya yi faɗansa, ya kwanta, bai tsaya gaban Ubangiji ko na minti biyar ba. Ta wannan ƙofa duniya take shigo mana. Ba ta ce mana mu yi musun Allah. Cika mana yini take yi har a rasa wurin da za a sa shi. Stirrett ɗan kasuwa ne wanda ya san daɗin riba, ya kuma yi shekarunsa na ƙarshe a tsakiyar kasuwa. Yadda ya kiyaye ransa a wurin, shi ne abin da muke so mu koya.

Mai kantin magani a Toronto

An haifi Stirrett a 1865 a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kasuwancinsa a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa albarka. Kafin ya kai shekara arba'in ya mallaki kantunan magani da kadarori, yana kuma karatun likita. A idon maƙwabtansa ya riga ya kama ƙasa, saura hutu.

A wannan lokaci akwai wani mai wa'azi a Kanada, Rowland Bingham, wanda zuciyarsa take kan ƙasar da Turawa suke kira Sudan. Sudan ɗin nan ba ƙasar da muka sani yau da wannan suna ba ce kaɗai. Suna nufin dukan yankin da yake kudu da hamadar Sahara, har da ƙasar Hausa. A watan Disamba 1893 Bingham ya sauka a Legas tare da abokansa biyu, Walter Gowans da Thomas Kent. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 wata ƙungiya ta uku ta sami wurin zama a Patigi, a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Nupe. Wannan ne mafarin mishan ɗin da daga baya aka sani da SIM.

Wani ɗan littafi da Bingham ya rubuta kan nawayar wannan ƙasa ya faɗa hannun Stirrett. Ya karanta, ya kasa samun sukuni. Yana da shekara 37 ya rabu da kasuwancinsa, ya miƙa dukiyarsa ga aikin bishara, ya haye zuwa Ingila, ya ɗan yi karatun cututtukan ƙasashe masu zafi a Liverpool, sa'an nan ya nufo Nijeriya. Kafin ƙarshen 1902 yana Patigi.

Kada mu ɗauka cewa dukiya a kanta zunubi ce, ko kuwa kowane mai bi sai ya sayar da shagonsa. Ibrahim mai arziki ne, Lidiya 'yar kasuwa ce. Amma a Matiyu 6:24 Ubangiji ya nuna mana cewa zuciya ɗaya ba ta iya ɗaukar iyayengiji biyu. Stirrett ya tambayi kansa wane ne mai gida a zuciyarsa, ya kuma amsa da aiki. Wannan tambaya tana jiran kowannenmu, ko mai tirela goma ne ko mai tallan ƙosai.

Ƙofofi a rufe

Ya iso a lokacin da ƙasa take juyawa. Kano ta faɗa hannun Turawan mulki a Fabrairu 1903, Sakkwato a watan Maris. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addininsu ba, daga nan kuma aka hana masu bishara zama a manyan masarautun Musulmi, har da Gwandu da Argungu. Mutumin da ya bar kome domin Hausawa ya tarar ba shi da izinin zama a biranensu.

Bai koma gida ba, bai kuma zauna yana gunaguni ba. A 1904 mishan ta buɗe tasha a Wushishi, kusa da Zungeru, inda hedkwatar gwamnatin Arewa take a lokacin. Wushishi tana kan hanyar fatake. Ayari yakan sauka a zango da jakuna da kaya, a kwana, a wuce. Hanyoyin nan su ne suka haɗa kudu da manyan kasuwannin Arewa irin su Kano da Jega. Stirrett ya duƙufa kan koyon Hausa, yana ba marasa lafiya magani, yana zuwa zango yana yi wa fatake wa'azi. Yawancinsu sau ɗaya zai gan su a duniya. Ya yarda cewa inda ƙafarsa ba za ta taka ba, maganar da aka ji a zango tana iya kaiwa.

A nan ne sunan Bature Mai Magani ya bi shi. Ya kuma taimaki 'yan'uwansa ma'aikata ta wajen nace musu su riƙa shan kwinin kullum saboda zazzaɓin cizon sauro, wanda ya cinye na farko da yawa. Ya san cewa magani irin wannan ba ya aiki in an sha yau aka bar shi sai wani mako. Kowace rana da rabonta. Kamar yadda za mu gani, haka ya ɗauki abincin ruhu ma.

Shekaru suka yi ta wucewa, amfanin da ido yake gani kuwa kaɗan ne. Bishara ta fi saurin kama ƙasa a tsakanin wasu kabilu fiye da Hausawan da ya fi ƙauna. Sai cikin shekarun 1930 aka fara sassautawa, aka ba SIM izinin kula da masu ciwon kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa a Lardin Sakkwato, lardin da Birnin Kebbi da Argungu suke ciki a lokacin. Jira na sama da shekara talatin ke nan. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Amma haƙuri irin wannan ba ya tsirowa haka kawai. Akwai inda yake shan ruwa.

Ƙarfe huɗu saura kwata

Waɗanda suka zauna da shi sun shaida abu guda a kansa. Yakan tashi da ƙarfe huɗu saura kwata na asuba domin addu'a da karatun Maganar Allah, ko yana gida ko yana kan hanya. Ya riƙe wannan al'ada shekara da shekaru har tsufansa. Kafin mara lafiya na farko ya ƙwanƙwasa ƙofa, kafin 'yan kasuwa su baza kaya, shi ya riga ya gana da Ubangijinsa.

Ba shi ya ƙago wannan ba. Markus 1:35 ya nuna mana Yesu bayan yini mai nauyi a Kafarnahum, inda jama'ar gari suka taru a ƙofa da marasa lafiyarsu har dare. Duk da gajiyar, tun da sauran duhu ya fita zuwa inda ba kowa, ya yi addu'a. Da almajirai suka same shi da labarin cewa jama'a suna nemansa, ya riga ya san abin da zai yi da yinin. Daniyel ma babban ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba ta san Allahnsa ba, amma yana da lokatai uku a yini waɗanda ko dokar sarki ba ta taɓa su ba (Daniyel 6:10). A Fitowa 16 kuwa Isra'ilawa sukan tattara manna kowace safiya. In rana ta yi zafi sai ta narke, wanda kuma ya ɓoye ta jiya yakan tarar ta lalace.

Me ya sa sa lokaci yake da muhimmanci haka? Domin abin da ba a yanka masa lokaci ba, ragowar lokaci yake samu, ragowa kuwa ba ta cika samuwa ba. Mai noman rani a fadamar Argungu ya san wannan. Ba ya cewa zai ba shinkafarsa ruwa in ya sami sarari. Ya san ranar ban ruwa, ya tanadi man inji, ya fita da wuri. In ya yi sakaci na 'yan kwanaki cikin zafin Maris, gonar ba za ta yi masa ihu ba. Ganye ne zai fara naɗewa a hankali, ranar girbi buhu ya ba da labari. Haka ran mutum yake bushewa. Mai bi yana nan yana zuwa sujada, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, yana ba da baiko, amma fushi ya yi masa kusa, gafara ta yi masa nisa, cin hanci ya daina ba shi tsoro. Ba rana ɗaya abin ya faru ba.

Ya kamata mu faɗi wani abu a fili. Stirrett bai yi aure ba. Ba shi da jaririn da zai hana shi barci, ba shi da 'ya'yan da za a shirya wa makaranta. Ƙarfe huɗu saura kwata ba doka ba ce, ba kuma da ita ake sayen ceto ba, gama ceto kyauta ne ta wurin alherin Allah cikin Yesu Almasihu. Mai jego, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da mai gadi, kowa da lokacin da ya dace da shi. Abin koyi shi ne mutum ya ware wa Allah lokaci sananne, ya tsare shi kamar yadda yake tsare ranar albashi.

Abincin da ya bar mana

Stirrett ya gane cewa mai bi ba zai yi ƙarfi ba in sai ya jira baƙo ya karanta masa Littafi. Dole Maganar ta zo cikin harshen da mutum yake mafarki da shi. Wannan aiki ya faro tun kafin zuwansa. Wani Bajamushe mai bishara, James Schön, ya fassara Sabon Alkawari da Hausa, aka buga a 1880. Cikin waɗanda suka koya masa harshen akwai Dorugu, yaron Bahaushe da ya bi matafiyi Heinrich Barth, wanda tafiyarsu zuwa Timbuktu ta ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853. Daga baya Likita Walter Miller na CMS a Zariya ya ɗauki babban kason sabuwar fassara, tare da kwamitin ma'aikata daga mishan dabam-dabam da 'yan ƙasa masu sanin harshe. Stirrett yana cikin waɗanda suka ba da shekaru ga wannan aiki. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito.

Wannan littafi ya wuce Hausawa. Da shi aka koyar da masu bishara a makarantun Littafi Mai Tsarki na Arewa, da shi kabilu masu harsuna dabam suka iya yin sujada a ɗaki ɗaya. Ikkilisiyoyin ECWA, wadda aka kafa a 1954 daga aikin SIM, da na UMCA a ƙasar Zuru da Yawuri, da sauran ɗariku, duk sun sha daga wannan rijiya. Ko da yake an yi sababbin fassarori daga baya, a kan wancan harsashi aka ɗora.

Ya kuma ba da ƙarfinsa ga waƙoƙin sujada na Hausa, yana rubutawa yana fassarawa. Ya san cewa tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana iya riƙe koyarwa mai zurfi in an sa mata ita cikin waƙa, ta rera a bakin murhu ko a gona. Kolosiyawa 3:16 ta haɗa waɗannan biyu wuri ɗaya, wato Maganar Almasihu da take zaune a zuciya da waƙar da take fitowa daga bakin mai godiya.

A kan dutse a kasuwar Jos

Shekarunsa na ƙarshe a Jos ya yi su, inda hedkwatar SIM take. Jos ta wancan zamani garin kuza ce. Mutane sun kwararo daga ko'ina domin neman kuɗi, har da Hausawa masu yawa, leburori da 'yan kasuwa. Stirrett bai ɓuya a harabar mishan ba. Yakan tafi kasuwa a kai a kai, ya hau wani dutse domin shi gajere ne, ya ɗaga babban hoto na labarin Littafi Mai Tsarki, ya yi wa'azi da Hausa. Masu rubuta tarihinsa sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi wajen sau 20,000 a ƙasar nan. Ya ci gaba da aiki har ƙarshen ƙarfinsa, ya rasu a Jos a watan Yuli 1948 yana da shekara 82.

Mu lura da wannan da kyau. Addu'ar asuba ba ta raba shi da mutane ba, ita ce ta kai shi tsakiyarsu. Wasu suna tsammani ruhaniya ita ce mutum ya guji kasuwa da siyasa da makaranta. Wasu kuma sun nutse cikinsu har ba a iya bambanta su da kowa. Stirrett yakan shiga ɗaki tukuna, sa'an nan ya shiga kasuwa, kuma bai yarda ɗayan ya cinye ɗayan ba.

Mu fa?

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta cika ta batse. Ga ma'aikata a sakatariyar Gwadangaji, ga ɗalibai a jami'a da kwalejoji, ga injinan casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, ga 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep tun duku-duku. Waɗannan duka albarka ce, muna kuma gode wa Allah. Tsadar rayuwa kuma gaskiya ce, wanda yake fafutukar ciyar da iyali bai yi laifi ba. Amma a misalin mai shuka, Markus 4:18-19, ba tsanani ne ya kashe iri na uku ba. Ƙayayuwa ne suka shaƙe shi, wato damuwar duniya da ruɗin dukiya da kwaɗayin abubuwa. Mu masu bi na Arewa mun saba yin addu'a a kan tsanani, daidai ne kuwa. Sai dai ƙaya ba ta zuwa da hayaniya, shi ya sa ba mu cika yin tsaro a kanta ba.

A yau ƙaya mafi kusa tana ƙarƙashin matashin kai. Da yawa a cikinmu, abin da hannu yake fara taɓawa da safe waya ce. Kafin mu ce wa Allah ina kwana, mun riga mun ji rigimar WhatsApp, mun ga abin da wane ya saya a Facebook, mun ɗauki fushin da ba namu ba. A daidai wannan lokaci maƙwabtanmu Musulmi sun ji kiran ladan sun tashi sallar asuba, cikin sanyin hunturu ma. 'Ya'yanmu suna ganin wannan, suna kuma ganin mu. Wace shaida muke ba su game da darajar Allahn da muke bauta wa?

Ga abin da muke roƙon kowane gida ya gwada. Na farko, kowa ya zaɓi lokacinsa, ya faɗa wa wani ɗan'uwa domin ya riƙa tambayarsa. Minti goma sha biyar da aka riƙe kullum sun fi awa uku da aka yi sau ɗaya bayan taron farkawa. Da safe ake kama fara, amma in safiya ba ta yiwuwa, a nemi wani lokaci a tsare shi. Na biyu, a karanta Littafi bi da bi. Bisharar Markus tana da sura 16, mai karanta sura ɗaya a rana zai gama ta cikin kwana 16. Wanda Littafinsa yake cikin waya ya kashe data kafin ya buɗe. Na uku, a maido da sujadar iyali: waƙa ɗaya, karatu kaɗan, addu'a, a bar yara su ma su karanta su yi addu'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai iya karatu ba, jikansa ya karanta masa, ko ya saurara a rediyo ko a waya. Na huɗu, a riƙa yi wa mutane addu'a da sunayensu, har da maƙwabcin da ba ya gaishe mu da shugaban da ya hana mu hakkinmu, gama zuciyar da take yi wa mutum addu'a da wuya ta ƙi shi.

Fastoci da dattawa, da shugabannin zumuntar mata da na matasa, mu ma mu binciki kanmu. Yana yiwuwa mu cika mako da tarurruka da kwamitoci da neman kuɗin gini, mu zama kamar Marta a Luka 10:38-42, muna ta hidima saboda Ubangiji ba mu zauna mun saurare shi ba. Mai ba da abinci ma yana bukatar ci.

Stirrett ya jira fiye da shekara talatin kafin a buɗe ƙofar lardinmu, ya kuma ba da ƙarfinsa domin mu sami Littafi da harshen da muke ji. Yau Littafin yana kan teburinmu, yana cikin aljihunmu. Bari Ubangiji ya ba mu yunwar Maganarsa, ya tashe mu mu neme shi kafin mu nemi abin duniya, ya kuma riƙe mu da aminci har ƙarshe, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.